Takardar Labaran Cocin Ƙauye: Asalinta da Matsayinta a Tarihin Al'umma

Gabatarwa

A shekarun farko na aikina na gwamnati, lokacin ina ƙaramin jami'i a sakatariyar wata ƙaramar hukuma a kudancin ƙasar Zazzau, akwai wani dattijo mai buga mana tafireta, wanda kuma shi ne sakataren cocin Angalika na ƙauyensu. Duk ƙarshen wata, bayan an tashi daga aiki, sai ya fito da sitensil biyu da ya saya da kuɗinsa, ya buga labaran cocin da Hausa, sa'an nan ya nemi izini a gurza masa a injin ofis da takardar da ya zo da ita. Da yake ni ke riƙe da mabuɗin ɗakin injin, kusan kowace fitowa ta bi ta hannuna. Abin da ke ciki bai wuce sunayen waɗanda aka yi wa baftisma ba, da waɗanda aka ɗaura wa aure, da waɗanda suka rasu, da lissafin baiko, da yawan damman dawa da aka kawo ranar godiyar kaka. Wata rana na ce masa, "Baba, wai wa ke karanta wannan?" Ya ce, "Yallaɓai, waɗanda sunansu ke ciki."

A lokacin dariya kawai na yi. Sai bayan na yi ritaya na shiga neman tarihin ƙauyukanmu, na gane cewa takardun da na raina suna cikin shaidu mafi daraja da mai binciken tarihin ƙauye zai iya samu. Wannan maƙala za ta bi diddigin irin wannan takarda tun daga Ingila inda aka ƙirƙiro ta, zuwa shigowarta ƙasar nan, sa'an nan ta dawo kan ta ƙauyen dattijon, domin a ga abin da take riƙe da shi da kuma abin da muke asara idan ta salwanta.

Gundumar Coci da Rajistarta

A tsarin cocin Ingila, an kasa ƙasar baki ɗaya zuwa ƙananan gundumomi, kowace da majami'arta da limaminta. Wannan gunduma ita Turawa ke kira farish, kuma a karkara sau da yawa ƙauye guda ne da gonakinsa. Shekaru aru-aru ita ce mafi ƙanƙantar rukunin mulki, domin har kula da matalauta da gyaran hanyoyi a wuyanta suke. Sai a shekarar 1894 aka yi dokar da ta kafa majalisun ƙauyuka, ta raba harkar mulki da harkar coci.

Tun a shekarar 1538, a zamanin Sarki Henry na Takwas, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarnin kowace gunduma ta ajiye littafin da za a riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Wannan rajista ta daɗe tana amfani, amma akasari abin da take bayarwa bai wuce suna da kwanan wata ba. Ba ta faɗin yadda mutum ya rayu, ko abin da ya dami ƙauyen a shekarar da aka binne shi. Bugu da ƙari, a cikin akwatin coci ake kulle ta. Abin da mujallar gunduma ta zo da shi sabo shi ne ta fitar da labarin ƙauye daga akwati ta kai shi gida-gida.

Dalilan Ɓullowarta a Ingila

Abubuwa uku ne suka haɗu a tsakiyar ƙarni na 19 suka haifar da ita. Na farko, fargabar da ta kama shugabannin cocin. A ranar Lahadi 30 ga Maris, 1851, gwamnati ta ƙidaya waɗanda suka halarci wuraren ibada a Ingila da Wales. Rahoton da Horace Mann ya fitar ya nuna cewa, daga cikin jama'a kusan miliyan 18, fiye da mutum miliyan biyar da za su iya zuwa ibada ba su je ko'ina ba, kuma cikin waɗanda suka je kusan rabi ba cocin Ingila suka nufa ba. Limamai suka fahimci cewa wa'azin ranar Lahadi ba ya isa ga mutane da yawa.

Na biyu, arhar ɗab'i. An soke harajin talla a jarida a 1853, aka soke harajin hatimin jarida a 1855, sa'an nan aka soke harajin takarda a 1861. Ga kuma layin dogo da ke kai kaya daga Landan zuwa lunguna cikin yini guda. Na uku, yaɗuwar iya karatu a tsakanin talakawa, wadda ta ƙara ƙarfi bayan dokar ilmi ta 1870 da kuma tilasta zuwa makaranta a 1880. Da talaka ya iya karatu, sai kasuwa ta cika da ƙananan littattafan kwabo-kwabo masu labaran 'yan fashi da kisan kai, abin da ya tayar wa limamai hankali. Suka ga dacewar su ma su shiga kasuwar da nasu abin karantawa na kwabo guda.

Mutum biyu ake dangantawa da farkon wannan aiki. Na farko shi ne W. J. E. Bennett, wanda ya bar cocinsa a Landan bayan tarzomar da aka yi a 1850 kan salon ibadarsa, aka ba shi limancin garin Frome a 1852. A can ne ya fara buga mujalla mai suna The Old Church Porch a 1854. Sai dai akasarin abin da ke cikinta koyarwar addini ce da kare aƙidarsa. Na biyun shi ne John Erskine Clarke, limamin cocin St Michael a birnin Derby, wanda ya fito da tasa mai suna Parish Magazine a watan Janairu, 1859. Tsarin Clarke ne ya bazu, kuma shi ya isa ƙauyuka.

Ciki da Bango

Dabarar Clarke mai sauƙi ce. Ƙaramin ƙauye ba shi da kuɗin buga cikakkiyar mujalla, ba shi kuma da marubutan da za su cika ta kowane wata. Saboda haka sai a buga shafukan ciki a wuri guda, dubbai a lokaci ɗaya, ɗauke da gajerun labarai masu darasi, da wa'azi, da zane-zane, da shawarwarin gida. Kowane liman sai ya sayi adadin da yake bukata, ya kai wa maɗaba'ar da ke kusa da shi ta buga masa bango mai shafi biyu ko huɗu da sunan ƙauyensu da labaransu, a ɗinke su tare. Mai saye ya ga sunan ƙauyensa a sama, ya ɗauka mujallar tasu ce, alhali kashi mafi yawa na cikinta iri ɗaya ne da na ɗaruruwan wasu ƙauyuka.

Da aka ga abin ya karɓu, wasu suka shigo da nasu shafukan cikin. Charles Bullock ya fito da Home Words a 1871, ƙungiyar SPCK ta fito da The Dawn of Day a 1878, aka sami The Church Monthly a 1888, kamfanin Mowbray kuma ya fito da The Sign a 1905. Kowanne na da ɓangaren cocin da yake wa hidima, don haka daga irin cikin da liman ya zaɓa ana iya gane inda ya karkata. Mata masu aikin sa-kai ne suka fi raba mujallar, suna bin gida-gida suna karɓar kwabo, 'yan kasuwar gari kuma suna biyan kuɗin talla a bango. Wata masaniya mai suna Jane Platt ta yi cikakken nazari a kan wannan zamani a littafinta Subscribing to Faith? da ya fito a 2015, wanda ya duba shekarun 1859 zuwa 1929.

Ga masu aikin a wancan lokaci, ciki shi ne mujalla, domin shi manyan marubuta suka rubuta, shi ke ɗauke da saƙon da ake son isarwa. Bango kuwa sutura ce kawai da za ta ja hankalin mutumin ƙauye ya saya. Amma da zamani ya tura, sai darajar ta juya. Shafukan ciki iri ɗaya ne a ko'ina, kwafi guda a babban ɗakin karatu ya wadatar. Bangon kowane ƙauye kuwa ba shi da na biyu. A cikinsa ake samun lissafin asusun gawayi da tufafi na matalauta, da sakamakon jarrabawar makarantar ƙauye, da ranar da aka rufe makarantar saboda annoba, da sunan maƙeri da mai gasa burodi. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, bangon ya koma wurin jera sunayen samarin da suka tafi fagen fama, da wasiƙunsu, da labarin waɗanda ba su dawo ba. Masu neman tarihin ƙauyukan Ingila a yau bangon suke nema a gidajen adana takardun tarihi.

Shigowarta Ƙasar Nan

Ƙungiyar 'yan mishan ta cocin Ingila, wato CMS, ita ta kawo wannan ɗabi'a Nijeriya tare da rajista da makaranta. Abin lura shi ne, a shekarar da Clarke ya fara tasa mujallar, wato 1859, a ita ce Henry Townsend na CMS ya fara buga Iwe Irohin a Abeokuta, wadda ake ɗauka jarida ta farko a ƙasar nan. Da Yarbanci ake buga ta duk mako biyu, ana sayar da ita wuri 120. Ta fi mujallar gunduma faɗi, domin tana taɓa siyasa da ciniki, amma cikinta akwai irin labaran da ke bangon Ingila, kamar baftisma da aure da sauyin wurin aikin ma'aikatan coci. Ta tsaya a 1867 lokacin da aka kori Turawa daga Abeokuta.

A ƙasar Hausa kuwa, tawagar CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano a 1900, Sarkin Kano Alu ya sallame su, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Cikinsu akwai Dokta Walter Miller, wanda daga baya ya zauna a birnin Zariya, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a wajen ganuwa a ƙarshen shekarun 1920, inda aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa bisa salon ginin Hausa. Miller na cikin jagororin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932. Wannan ya sa Hausar boko ta zama harshen sujada da karatu a coci-cocin Arewa da dama, har a tsakanin ƙabilun da ba Hausawa ba. Shi ya sa dattijon ofishinmu, wanda Hausa ba harshen gidansu ba ce, da ita yake buga labaran ƙauyensu.

Wusasa ta isa misali a kan abin da nake son nunawa. Ƙaramin wuri ne, amma makarantarsa da gidajensa sun reni Dokta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki ƙasar nan a waɗannan shekarun. Duk da haka, mai son rubuta tarihin farkon wurin yakan dogara ne da littafin Miller, Reflections of a Pioneer, na 1936, da rahotannin da 'yan mishan suka aika Landan, waɗanda ke ajiye a Jami'ar Birmingham. Waɗannan rubuce-rubuce ne na baƙo zuwa ga mutanen ƙasarsa. Abin da mutanen wuri suka rubuta wa junansu, shi ne ke wuyar samu, a Wusasa da sauran wurare irinta.

Zamanin Sitensil

Tsarin ciki da bango bai kafu a ƙauyukanmu kamar yadda ya kafu a Ingila ba, domin maɗaba'u na birane ne, masu karatu kuma ba su da yawa. Wanda ke son babban abin karantawa da Hausa sai ya nemi Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu, 1939, ko kuma littattafan mishan. Labarin ƙauye kuwa da baki ake sanar da shi bayan sujada. Abin da ya ba shi damar hawa takarda shi ne injin gurza takarda, wanda David Gestetner, ɗan asalin ƙasar Hangari mazaunin Landan, ya yi wa tushensa rajista a 1881, wanda kuma ya cika ofisoshin gwamnati da makarantunmu har zuwa shigowar kwamfuta da injin hoto.

Ga wanda bai riski zamanin ba, aikin haka yake. A cire ƙyallen tawada daga tafireta, a sa sitensil, wato wata takarda mai kakin zuma, haruffa su huda ta. In an yi kuskure sai a shafa wani jan ruwa mai wari, a jira ya bushe, a sake bugawa. Sa'an nan a ɗaura sitensil a gangar inji, a matsa tawada, a riƙa juya hannu takardu na fita ɗaya bayan ɗaya. Tafiretocinmu da yawa ba su da haruffa masu lanƙwasa, don haka dattijon yakan bi da alƙalamin ƙarfe yana gyara su a kan sitensil. Da wannan inji, malamin makaranta ko akawu ɗaya ya isa ya fitar da takardar ƙauye. Wato mu bangon kawai muka samu, ba tare da ciki ba, kuma a ganina wannan ba asara ba ce ga tarihi.

Abin da na Tarar a Adaka

Bayan ritayata na je ƙauyen neman takardun. Na tarar dattijon ya riga mu gidan gaskiya. Majami'ar ba ta ajiye ko kwafi ɗaya ba, domin an sake gini, an kuma sauya limamai sau da yawa. Matarsa ce ta ce, "Ɗana, akwai wata adaka tasa, amma ban san abin da ya rage ba." Da aka buɗe, gara ta cinye duk abin da ke ƙasa ta mayar da shi turɓaya. Ta ce wasu kuma tun da daɗewa yara suka kwashe aka ƙunshe ƙosai da su. Na ce, "Mama, a ba ni aron waɗanda suka tsira in ɗauki hotonsu." Ta yarda, na kuma mayar mata da su.

'Yan ƙalilan ɗin da suka tsira sun ba ni abin da hira da dattawa ta kasa ba ni. Dattawa sun tuna an taɓa yin ƙyanda mai tsanani, amma kowa da shekarar da yake faɗi. A takardar na ga jerin jana'izar yara a watanni biyu na rani a jere, da sunayen iyayensu. Na ga watan da aka gama rijiyar tsakiyar gari da aikin gayya, da abin da Zumuntar Mata ta tara na sayen siminti. Na ga godiya ga wani magidanci da ya ba da gonarsa aka gina makarantar firamare, filin da a lokacin ziyarata zuriya biyu ke jayayya a kan wanda ya bayar da shi. Na ga yadda lissafin baiko ke sauka a shekarar da damina ta yi gardama, da yadda sunayen samari ke komawa jerin masu aiko da gudummawa daga Kaduna da Legas.

Akwai kuma layi biyu da suka fi tsaya mini a rai. A fitowar da ta ba da labarin rufin majami'a, an gode wa Musulmin unguwar kasuwa da suka fito ɗaukar katako, da wani Bafulatani makiyayi da ya kawo rago don ciyar da ma'aikata. Wanda ya san abin da yankin ya gani tun daga rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992, ya san cewa akwai matasa a ɓangarorin biyu da suka taso suna ɗauka haka ake tun fil azal. Dattijon bai rubuta waɗannan layuka don ya kafa wata hujja ba. Godiya kawai yake yi kamar yadda ya saba, kuma wannan ne ya sa shaidar ta yi nauyi.

Hattara ga Mai Bincike

Duk da haka, kada a ɗauki irin wannan takarda tamkar madubin ƙauye. Murya ce ta liman da kwamitinsa. Ba kasafai take faɗin rigimar cikin gida ba, sai dai mai karatu ya lura cewa sunan wani dattijo ya ɓace daga jerin shugabanni ba tare da bayani ba. Masu bin addinin gargajiya da mabiya wasu ɗariku ba sa fitowa sai jifa-jifa. Mata sukan fito a matsayin ƙungiya, ba da sunayensu ba. Wanda ya ba da kuɗi da yawa ya fi samun ambato a kan wanda ya ba da ƙarfinsa. Saboda haka wajibi ne a gwada ta da tarihin baka, da rajistar coci, da fayilolin hukuma irin waɗanda ke Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna. Ƙarfinta shi ne kwanan wata da suna, domin an rubuta ta a watan da abin ya faru, ga mutanen da za su ƙaryata marubucin ranar Lahadi in ya yi kuskure.

Kammalawa

A Ingila ma ba kowace mujalla ce ta tsira ba. Amma tun a 1978 cocinsu ya yi dokar da ta wajabta kai rajistoci da takardun da suka haura shekara ɗari gidan adana takardu, sai in gunduma ta cika sharuɗɗan ajiye su da kanta, kuma mujallu da yawa sun bi wannan hanya sun sami mafaka. Mu a nan ba mu da irin wannan tsari ga takardun ƙauye. Takardar sitensil ba ta da ƙwari, tawadarta na dusashewa, ga gara, ga yoyon rufi, ga gobara. Sanarwar da a da ake gurzawa kuwa yanzu ta WhatsApp ake tura ta, wayar na lalacewa labarin ya tafi.

Shawarata ita ce, hukumomin tarihi na jihohi da shugabannin coci-coci su haɗa hannu a bi ƙauyuka, a nemi tsofaffin sakatarori da katikis da iyalansu, a ɗauki hoton duk abin da ya rage, a rubuta sunan ƙauye da watan fitowa, a bar wa masu shi asalinsa. Aikin bai fi ƙarfin waya mai kyamara da littafin rubutu ba. Haka kuma ya kamata a yi wa takardun ƙungiyoyin raya ƙauyuka, da na kwamitocin masallatai, da bayanan haihuwa da rasuwa da malamanmu ke rubutawa da ajami a bayan littattafansu. Waɗanda suka buga waɗannan takardu yawancinsu sun haura shekara saba'in ko sun rasu, adakokinsu kuma na hannun magada da ba su san abin da ke ciki ba.

Kafin in bar ƙauyen, na karanta wa matar dattijon wata fitowa da ke ɗauke da sanarwar baftismar 'yarta ta fari. Ta sa aka kira jikokinta, ta ce in sake karantawa su ji.